Muryar Yaya a Wayar Gidanmu

Ba wanda ya koya mini wannan aiki, shi ya sa duk ranar da abu ya ɓaci ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ni malamar lakwal ce a Buza, ƴar kwantaragi, da safe ina fama da yara da alli, da yamma ina fama da ordinater, wato kwamfuta. Yayana ne ya kawo mini shi daga Abijan, tsoho tukuf, batirinsa ya mutu tun kafin ya iso ƙasarmu. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke shi ma sai ya ɗauke, ya tafi da duk abin da na rubuta ban adana ba. Da shi na koyi rubuta kod, wato umarnin da ake jera wa na'ura ta bi, daga bidiyoyin Faransanci da nake saukewa in na je Madawa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke da ɗan ƙarfi. Zagin da allon nan ya sha a bakina Allah kaɗai ya san yawansa. Maƙwabciyata ta taɓa leƙowa ta katanga tana tambaya da wa nake faɗa, ko miji na yi a ɓoye.

Abin da na gina ɗan aplikasiyo ne na tuni, irin wanda ake sa wa waya. Na ga irin na Turawa, duk rubutu ne da ƙarfe kaza da minti kaza, na ce wannan ba namu ba ne. Mutanenmu da yawa ba su karatun boko, kuma ba wanda zai ce maka mu haɗu ƙarfe huɗu, sai dai bayan la'asar. Sai na yi nawa da murya. Ka danna, ka faɗi abin da kake so a tuna maka, ka zaɓi bayan asuba ko bayan azahar ko ranar kasuwa, lokacin na yi wayar ta maimaita maka maganarka da bakinka.

Ban zaci kowa zai kula ba, sai ga shi ya bi hannu. Kowa kuma da ƙorafinsa. Masu albasa na Madawa suka ce in suna cikin garka injin ban ruwa na ruri ba su ji, sai na sa tunin ya riƙa fita da ƙarfi ko an rage wa wayar murya. Matan Keita masu aikin jera duwatsu a kan tuddai suka ce wayoyinsu kan kwana ba sharji, tuni ya wuce su, sai na sa duk abin da ya wuce ya jira, da an kunna waya ya zubo. Wurin ajiyar da nake haya a intanet ƙarami ne, don haka na tsara da murya ta isa wayar mai ita a goge ta daga can, ta zauna a wayar kaɗai. Kowane ɗaya na gama sai in ji kaina ya yi girma, in shiga aji washegari ina wa yara fara'ar da ba su saba gani ba.

Ƴan ci-rani su ne suka fi riƙe shi, don na buɗe musu hanyar aika tuni daga can zuwa wayar gida. Yaya na cikinsu. Yana da teburin kayan koli a Abijan, bayan girbi ya tafi, farkon damina ya bar wa abokinsa teburin ya dawo noma gidanmu a Tabotaki. Ya saya wa gidan babbar waya, tana hannun matarsa, wadda har yau Amarya muke ce mata ko da yake ta daɗe da tsufa a amarcin. Wata rana ya kira ni.

"Auta, abin ga naki shina da kyawo, amma akwai ɓaraka. Na aiko ma Inna tunin magani, masu aron waya sun goge shi, wai shina katse masu hira. Ki kulle shi. Wanda ya aiko shi kaɗai ka iya hidda shi."

Na ce, "Kai Yaya, kana Abijan kana so ka mulki gida da waya? Sarauta kake nema?"

Ya yi dariya ya ce in dai yi abin da aka sa ni, ƴar boko mai bakin tsiya. Na yi. Ya ci mini makonni, don sai da na koyi yadda waya ɗaya za ta nemi izinin wata kafin ta goge abu, amma na yi shi har ya yi kyau. Ko ni da na gina shi ba na iya cire tunin wani daga wayar gida sai da wayar mai shi.

Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce wancan na Abijan. In ya dawo daga tafiya kowa ya fito da gudu, ita sai ta shige madafa kamar ba ta ji tsayuwar moto ba. Ba ta tambayarsa ya hanya, ba ta miƙa masa abinci da hannunta. Shi ma ba ya ce mata ke, sai dai a yi kaza, an ce kaza. Ni kuwa auta, a cinyarta na girma, har gardama nake da ita. Da tansiyo, wato hawan jini, ya kama ta, majo, babban ma'aikacin asibiti, ya ce ƙwaya ɗaya kowace safiya har ƙarshen rai, duk wanda ya ce ta sha sai ta ce ita ba kaza ba ce da za a riƙa watsa mata tsaba. Amma kullum bayan asuba wayar ta buɗe baki daga ƙofar ɗakin Amarya: "Inna, an tashi lahiya? A sha magani, kar a manta." Inna ta yi tsaki ta ce, "Ku ji mani ƙarfen ga da iyayi." Sannan ta jawo ƙwaryar ruwa ta haɗiye ƙwayar.

Cikin sanyin shekarar nan aka kira ni ina tsakiyar darasi. Abokin Yaya ne na Abijan, da labarin rasuwarsa. Ciwon ciki ne na ƴan kwanaki, bai ma bari a gaya mana ba don yana ganin zai tashi. Kafin labari ya iso mu an riga an kai shi makwancinsa a can. Ban san yadda na fita daga ajin ba, na dai tsinci kaina a bayan kabu-kabu, muna hawa muna gangara a hanyar duwatsu, mai moto yana ta ba ni haƙuri iska tana kwashe maganar.

Na iske gida cike. Amarya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna tana zaune a ɗakinta da tasbaha, ido a bushe, duk wadda ta shigo gaisuwa ta amsa mata da haƙuri ya zama dole. Mata suna fita suna yaba ta.

Washegari bayan asuba, tsakar gida cike da matan da suka kwana, wasu na kan sallaya, sai muryarsa ta tashi, da ƙarfinta, irin ƙarfin da na yi wa masu injin ban ruwa. "Inna, an tashi lahiya?" Wayyo Allah. Wata tsohuwa ta saki buta, wasu suka yi waje suna salati, Amarya ta kurma ihu ta zube a bakin ƙofa. Na yi tsalle na tsallake mutane na fizge wayar daga igiyar sharji na kashe ta gaba ɗaya. Kunya ta rufe ni, don duk wanda ke wurin ya san aikin wa ne.

Kashewar ba ta raba mu da shi ba. Ita ce kaɗai wayar gidan, dangi na nesa suna neman mu. Ranar sadakar uku wani ya kunna ta don ya kira mutanen Bangi, dangin Amarya, sai duk tunin da ya wuce ya zubo a jere, kamar yadda na tsara wa matan Keita. Na Inna, da na Inna, sannan wanda ya yi wa matarsa na ranar kasuwa, a sayo wa tumaki dusa, har da ɗan tsokanar da ke tsakanin miji da mata, a gaban surukai da baƙi. Aka ce a goge, na ce ba ya goguwa sai da wayarsa, ita kuwa tana Abijan a kulle, lambar buɗe ta ta tafi da shi. Aka ce a cire aplikasiyon ɗungurungum. Nan na ƙi, don na san in aka cire shi muryar ta tafi ke nan har abada, ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan waya. Duk ƙofar da na nufa sai in iske ni na toshe ta da hannuna.

Amarya ta ja ni ɗakinta, ta shiga takaba, ta riƙe mini hannu biyu. "Madam, don girman Allah ki raba ni da abin ga. Kullum sahe sai mutuwar ta dawo mani sabuwa. Ba ni iyawa." Kawu, ƙanin Inna, ya tare ni a zaure ya ce mamaci addu'a yake buƙata, ba a riƙa tashinsa kowace asuba ba.

Saura Inna, don yawancin tunin nata ne. A wurin masu koyar da wannan sana'a na ji cewa kafin ka taɓa abu ka tambayi mai amfani da shi. Na shiga ɗakinta, ƙannenta mata na zaune, ga masu gaisuwa, na durƙusa na ce, "Inna, muryar nan, a bar miki ita ko a kashe?"

Ba ta ɗago ba. "Ni kika tambaya? Ina ruwana da ita? Kashe tarkacenki, ku bar mutane su ji da abin da ya dame su."

Matan suka gyaɗa kai, wata ta ce Allah ya saka wa mai kunya. Na ɗauki wayar na koma Buza da ita.

Da na buɗe ordinater sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Duk cikin abin da na gina ba inda mutum zai mutu. Akwai wurin suna, da lamba, da gari, da wanda ya canja waya, da wanda ya yi fushi ya fita, amma na mutuwa babu. Na zauna ina tunanin wa zai sami ikon cewa wane ya rasu. In na sa maɓalli kowa ya danna, wallahi kafin sati masu aron waya sun kashe rabin ƴan ci-ranin Adar don su huta da tuni. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta juye kuka, na kifa kai a kan tebur har kuran ya ɗauke ya tafi da aikin. A ƙarshe na bar ikon a hannuna. Dangi su kira ni, in tabbatar, ni in rufe bakin mamaci daga ordinater ɗina. Tun daga lokacin nake amsa irin wannan kira, daga Keita, daga Bangi, daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, kuma ba aikin da na ƙi jini kamarsa. Da farko gogewa na rubuta. Da na zo gwadawa a kan na Yaya sai yatsana ya ƙi, na koma na canja umarnin ya zama a kwantar da murya kawai, tana nan amma ba ta fita. Na sa wa wayar mizajur, wato sabon gyaran, na mayar da ita gida shiru.

Amarya ta sami barci. Ni ma na ce an rabu da Bukar, sai dai ba a daɗe ba na lura kwalin maganin Inna ba ya raguwa. Ranar Asabar in zo in duba, in dawo wata Asabar in iske shi yadda na bar shi. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na ɗauki tawa muryar na sa a wayar, Inna a sha magani. Ta saurara ta ce, "Ke da nika gani kowane sati, mi za ki hwaɗa mani cikin ƙarhe?" Kawu ya yi magana, ta ce to, ba ta sha ba. Ba ta ce ba za ta sha ba, kullum mantuwa ce, ko azumin nafila, ko cikinta ba daɗi. Tana ta ramewa, kanta na ciwo tana ɗaure shi da kallabi tamau.

Da zafi ya shigo, wata rana ta miƙe daga alwala jiri ya kwashe ta ta faɗi. Aka kawo ta likita a Buza. Majo ya auna ta, ya sake aunawa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe har da malamar lakwal a gidan ake barin tsohuwa haka. Ya ce wannan karon Allah ya tsare, na gaba in ya zo ɓarin jiki zai tafi da shi, ko ya tafi da ita duka. Da ya fita na rufe ƙofa, zuciyata ta kawo wuya.

"Inna, so kike ki bi shi? In so kike ki faɗa mini in sani! Shi kaɗai kika haifa? Ni ba mutum ba ce?"

Ta juya fuska bango. Na tsaya ina huci kamar wadda ta yi dambe, haka muka zauna har aka sallame mu.

Da muka koma gida Amarya ta kira ni gefe, don ita takaba ta hana ta bin mu. Ta ce akwai abin da take gani ta rasa wanda za ta gaya wa. Kullum bayan asuba Inna takan jawo tabarma ta zauna kusa da ƙofar ɗakin Amarya, daidai inda wayar ke sharji da igiyar pano mai jan wutar rana, ta yi ta jan tasbaha har rana ta fito, sannan ta naɗe tabarmar ta koma.

"Ni ba ni iya jin shi, Madam, ita kuma ba ta iya rashin jin shi. Kuma ko yanka ta za a yi ba ta hwaɗi."

Ba sabon abu ta gaya mini ba, a gidan nan aka haife ni. Uwar da ba ta kama sunan ɗanta yana raye, ita ce za ta buɗe baki a gaban ƙannenta ta ce a bar mini muryarsa? Labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuma na je na tambayi baki, a gaban jama'a. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa. Na ji haushin Inna da taurin kanta, na ji haushin wannan kunya da za ta bar mutum ya mutu da ƙishi ga randa a gabansa, na ji haushin Yaya da ya tafi ya bar ni da wannan kaya. Har masu bidiyon da suka ce a tambayi mai amfani da abu sai da na tsine wa, bayin Allah da ba su san da zamana ba.

In na mayar da muryar a babbar waya na kashe Amarya. In na kai wa Inna na ce ga shi na san kina so, za ta ce in ɗauke tarkacena, kuma ta rufe ƙofar ke nan. Sai na tuna da tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi da ke cikin akwati. Na zauna na yi wa aplikasiyon wata ƙaramar siffa ta mutum ɗaya tak a duniya, ba maɓalli ko ɗaya, ba ta neman rezo, murya ƙasa-ƙasa yadda ba za ta wuce labulen ɗaki ba. Na karɓo babbar wayar na kwana biyu don in kwashe.

Kafin in kwashe dole in raba na Inna da na Amarya, kuma ba a rabawa sai an saurara. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa buɗe muryar kowa ba, wannan ne na farko. Wata Lahadi da rana, zufa na bin bayana, na sa abin kunne na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ana jin Abijan a bayansa, hon na motoci, ruwan sama a kan kwano, wata mata na tallan abin da ban san sunansa ba. A wani ya yi tari ya sake farawa. A wani ya fara dariya, da alama abokinsa ke tsokanarsa wai ƙato da shi yana gaida waya.

Can ƙasa na ga wani da bai taɓa fita ba. Na mayar da hankali sai na tuna. Lokacin da na ƙara wa aplikasiyon tuni na lokaci mai nisa, wanda ke fita sau ɗaya, ni na roƙe shi ya gwada mini, na ce ya sa wani abu na watanni gaba mu ga ko zai tashi a kan lokaci. Ya ce ya sa, bai gaya mini ko mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ɗaura shi a makon da ya saba dawowa. Na danna.

"Inna, in an ji wagga, to ina bisa hanya. A sa a share mani ɗaki. Sai na iso."

Na cire abin kunnen na fita tsakar gida na tsaya cikin rana. Wannan fa? In na cire shi, na sace wa uwa maganar ƙarshe da ɗanta ya bar mata, ba tawa ba ce balle in yi iko da ita. In na bar shi, ga tsohuwa mai tansiyo, ga abin da majo ya faɗa. Gaba kura baya sayaki. Kuma ba dama in tambaye ta, na riga na ga inda tambaya take kai mutum. Na kwashe shi tare da sauran na ce kafin damina Allah zai kawo dabara.

Ranar Asabar na shiga ɗakin Inna bayan na tabbatar ba kowa, na ɓata fuska na ajiye ƴar wayar a gefen gadonta.

"Inna, abin nan ya lalace. Na kashe shi a babbar waya ya ɓullo a wannan, ya ƙi mutuwa. Can Buza yana tayar mini da maƙwabta. Ki ajiye mini shi a nan ƙarƙashin katifa inda ba mai ji."

Ta dubi wayar ta wutsiyar ido. "Karatun banza. Abin da kinka gina da hannunki ya gagare ki?"

"Ya gagare ni, Inna."

"Aje can."

Na ajiye. Har na kai bakin ƙofa ta ce, tana gyaran ɗaurin kallabi, "Wagga lalacewa, tana gyaruwa?"

"Ba ta gyaruwa."

"To," ta ce.

Kwalin magani ya fara raguwa. Ba wanda ya yi maganar a gidan, Amarya ce ma ke ɗaukar ƴar wayar da rana ta sa mata sharji ta mayar, kamar ba ta san ko mece ce ba. Ciwon kan ya lafa, Inna ta koma faɗa da kaji. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, amma kullum abin nan na cikina. Uwata tana raye ne a kan ƙaryar da na yi mata, wadda ta san ƙarya ce, da muryar wanda ke kwance a ƙasar da ba mu taɓa gani ba. Ban san ko malamai za su ce daidai ne ba, ban kuma tambaye su ba don ina tsoron amsar.

Amarya ta gama takaba, danginta suka zo daga Bangi suka tafi da ita, aka ja ƙofar ɗakin da suka zauna ita da Yaya aka sa sakata. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Dabarar da nake jira ba ta zo ba. Da makon ya matso na karɓi wayar wai zan duba batir, na tura ranar gaba. Da ta sake matsowa na sake turawa. Ruwan shuka ya sauka, ƴan ci-rani suka yi ta sauka daga kar, manyan motocin fasinja, da buhunansu, gida-gida ana guɗa, namu shiru. Na uku na ɗauki wayar zan tura sai na ga abin da nake shirin zama, wadda za ta ƙare rayuwarta tana ɗage wa mamaci ranar dawowa. Na mayar da ita ƙarƙashin katifa yadda take, na nemi izini a lakwal na kwana a gida, da maganin Inna a aljihuna da lambar mai moto ko da za a buƙace shi.

Bayan asuba na zauna a bakin ƙofarta da buta a hannu, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, maƙwabta na fita gona da sungumi. Na ji ta farko ta fito, an tashi lahiya, a sha magani. Na ji motsin ƙwarya. Sannan ta biyun ta biyo, ƙasa-ƙasa, har zuwa sai na iso.

Shiru. Na ƙirga numfashina na rasa, na miƙe zan faɗa ɗakin, sai labule ya ɗaga. Inna ta fito da ƙafafunta, ba ta dube ni ba. Ta wuce gindin rumbu ta ɗauki tsintsiya, ta bubbuga gindinta a tafin hannu, ta nufi ɗakinsa ta zare sakatar.

Na bi ta da sauri na kama tsintsiyar. "Inna, don Allah. Tsohon saƙo ne, tun kafin..."

"Na sani, Auta. Ba ruɗewa na yi ba, na san inda shike." Muryarta ba ta yi rawa ba, amma hawaye na bin fuskarta har haɓa, ba ta share ba. "Amma ya ce a share."

Na saki. Ta sunkuya ta fara daga lungun da gadonsa yake. Na je randa na ɗebo ruwa a ƙwarya, ina yayyafa mata a gaba tana sharewa, ba wadda ta dubi ƴar'uwarta.